Gwajin Bugun Yatsa da Gajiyar Ƙwaƙwalwar Ɗan Wasa



Batun da aka ɗora mini in yi magana a kansa yau, wanda ya ji shi karo na farko zai ɗauka wasan yara ne. Ana cewa idan ɗan wasa ya tashi da safe, ya ɗora hannunsa bisa tebur, ya yi ta buga yatsansa iyakar saurinsa har tsawon sakan 10, to, yawan bugun da ya yi zai nuna ko ƙwaƙwalwarsa ta huta daga wahalar jiya, ko kuwa har yanzu tana ɗauke da gajiya. In lambar ta yi ƙasa, sai mai horarwa ya sassauta masa aikin ranar. In ta tsaya inda ta saba, sai a ci gaba da horo mai tsanani. Wannan magana ta yaɗu ƙwarai tsakanin masu horar da 'yan tsere da masu ɗaga ƙarfe, musamman tun da wayar hannu ta zama abin da kowa ke iya ƙidaya bugun da ita.

Abin da nake so mu bincika shi ne yawan gaskiyar da ke cikin wannan magana, da kuma inda ta tsaya. Akwai abin asara ta kowane ɓangare. Saurayin da aka matsa wa horo alhali jikinsa bai farfaɗo ba yana iya yage tsokar bayan cinya, ya shafe watanni yana jinya, wani ma daga nan ya bar wasa ke nan. Wanda kuma aka hutar ba bisa dalili ba ya yi asarar kwanakin shiri da ba za su dawo ba. Jami'in ma'aikatar wasanni kuwa, shi za a kawo wa takardar neman kuɗin sayen na'urar awo, kuma wajibi ne ya san abin da zai sa wa hannu.

Kafin mu yi nisa, tilas in gyara wata kalma. A Hausa, jijiya ɗaya ce: wadda jini ke gudu a cikinta jijiya ce, agarar da ta ɗaure tsoka da ƙashi jijiya ce, haka kuma zaren da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi. A wannan lacca, duk inda na ce jijiya, ta ukun nake nufi, watau jijiyar saƙo. Ƙwaƙwalwa da laka, wadda ta bi ta cikin ƙashin baya, su ne cibiya. Jijiyoyin saƙo kuwa su ne wayoyin da suka fita daga cibiyar zuwa ko'ina a jiki.

Tafiyar umarni daga kai zuwa yatsa

Idan mutum ya yi niyyar motsa manuninsa na dama, umarnin yana tasowa ne daga wani yanki na ɓawon ƙwaƙwalwa a ɓangaren hagu, ya gangaro, ya tsallaka zuwa dama a gindin ƙwaƙwalwa, ya shiga laka, sa'an nan ya fita ta wajen wuya ya bi hannu har ya isa tsokokin da ke jan yatsan, waɗanda yawancinsu a tsintsiyar hannu suke zuwa gwiwar hannu. A cikin jijiyar hannu saƙon yana gudun mita 50 zuwa 60 a sakan guda, tafiyar duka kuwa ba ta wuce kashi 1 cikin 50 na sakan ba. Likitan nan na birnin Montiriyal a Kanada, Wilder Penfield, wanda ya riƙa taɓa ɓawon ƙwaƙwalwar majinyata da ɗan lantarki a lokacin tiyata, ya nuna tun 1937 cewa filin da hannu da yatsu suka ci a wannan yanki ya fi na gangar jiki gaba ɗaya girma.

To, ku duba abin da bugun yatsa yake bukata. Nauyin yatsa ba kome ba ne, saboda haka ƙarfin tsoka ba shi ne ke iyakance saurin ba. Lafiyayyen baligi yakan buga sau 5 ko 6 a sakan guda. A kowane bugu sai ƙwaƙwalwa ta umarci tsokar da ke lanƙwasa yatsa ta kama, ta umarci mai miƙe shi ta saki, nan da nan kuma ta juya umarnin, duk a cikin abin da bai kai kashi 1 cikin 5 na sakan ba. Aikin kusan dukkansa na tsara lokaci ne, tsara lokaci kuwa aikin ƙwaƙwalwa ne. Wannan shi ne tushen hujjar masu gwajin, kuma hujja ce mai ƙarfi.

Gajiya iri biyu

Mutumin da ya fara auna gajiya da na'ura ta hanyar da ta yi tasiri har yau shi ne Angelo Mosso, shehun malami a jami'ar Turin ta ƙasar Italiya, wanda ya buga littafinsa a kan gajiya a 1891. Abin sha'awa, shi ma da yatsa ya yi aiki. Yakan ɗaure hannun mutum a kan allo, ya sa wa yatsan tsakiya igiya mai ɗauke da nauyi, mutumin ya yi ta ɗagawa yana saukewa, wani tsinke kuma yana zana tsawon kowace ɗagawa a jikin ganga mai juyawa da aka shafe da kunkunniya. A hankali zanen sai ya yi ta gajarcewa har ya ƙare. Mosso ya lura kowane mutum yana da irin zanensa, kamar yadda kowa yake da irin rubutun hannunsa. Ya kuma lura da wani abu da zai faranta ran malaman da ke zaune a nan: mataimakinsa, Arnaldo Maggiora, bayan ya wuni yana yi wa ɗalibai jarrabawa, zanen yatsansa ya kan gajarce da wuri, alhali bai ɗauki kaya ba, bai yi gudu ba. Ashe wahalar tunani tana iya bayyana a tsoka.

Daga nan masana suka raba gajiya gida biyu. Akwai gajiyar tsoka, inda umarni ke isowa cikakke amma tsokar ta kasa cika shi, domin makamashinta ya ragu kuma sinadaran cikinta sun sauya. Akwai kuma gajiyar cibiya, inda tsokar tana da sauran ƙarfi amma umarnin da ke zuwa mata ya yi rauni. Kamar ofis ne da aiki ya tsaya: ko dai ma'aikata sun gaza, ko kuwa takardar umarni ce ba ta sauko daga sama ba.

Yaya za a rarrabe su? A 1954 wani masani ɗan Ingila, Patrick Merton, ya fito da dabara. Mutum zai matse babban yatsansa iyakar ƙarfinsa, a daidai wannan lokaci sai a harbi jijiyar da ke kula da tsokar da lantarki. In ƙarfi ya ƙaru, to, akwai rarar da ƙwaƙwalwa ba ta taɓo ba. In bai ƙaru ba, ƙwaƙwalwa ta riga ta ba da duk abin da ke akwai. A wannan ƙaramar tsoka Merton bai ga rara ba, sai ya yanke cewa gajiyar a tsoka take. Amma a 1978 Brenda Bigland-Ritchie da abokan aikinta suka yi irin wannan gwaji a babbar tsokar gaban cinya, suka samu cewa a wasu mutane lalle umarnin kansa yana raguwa yayin da suke daɗewa suna matsawa. Sa'an nan a 1985 Anthony Barker na birnin Shefil ya ƙera na'urar da ke zuga ɓawon ƙwaƙwalwa da maganaɗisu daga wajen ƙoƙon kai, ba tare da tiyata ba, wanda ya ba da damar bin saƙon tun daga mafarinsa.

Yau babu mai musun cewa gajiyar cibiya gaskiya ce. An san ɗaya daga cikin hanyoyinta: tsokar da ta wahala tana da wasu siraran jijiyoyi da ke kai rahoto sama, rahoton kuwa yana sa laka da ƙwaƙwalwa su rage zafin umarni. Sai dai hanyar Merton da ta Barker duka suna bukatar ɗakin bincike, da na'urori masu tsada, da ƙwararre, ga kuma zafin lantarki wanda ba ɗan wasan da zai yarda a yi masa kowace safiya. Wannan ne ya sa aka shiga neman hanya mai araha, aka kuma waiwayi yatsa.

Inda gwajin ya fito

Ba a filin wasa aka haifi gwajin bugun yatsa ba. A ɓangaren Amurka, wanda ya kafa shi a matsayin awo na asibiti shi ne Ward Halstead na jami'ar Shikago, a littafinsa na 1947, daga baya ɗalibinsa Ralph Reitan ya faɗaɗa aikin. Na'urarsu wani ɗan madanni ne mai kama da na tangarahu, haɗe da abin ƙidaya. Majinyaci zai kwantar da tafin hannunsa, ya buga da manuni kaɗai na tsawon sakan 10, a maimaita har a sami gwaji 5 a jere waɗanda bambancinsu bai wuce bugu 5 ba, sa'an nan a ɗauki matsakaicinsu, kana a koma ɗaya hannun. Lafiyayyen baligi yakan sami wajen bugu 50 da hannun da ya saba aiki da shi, ɗaya hannun kuma yakan yi ƙasa da kimanin kashi 10 cikin 100. In bambancin hannun biyu ya zarce haka da nisa, likita ya sami alamar cewa wani ɓangare na ƙwaƙwalwa ya taɓu. Har yau kuma likitocin cutar Parkinson suna sa majinyaci ya riƙa haɗa manuni da babban yatsa da sauri, suna kallon yadda motsin ke raguwa yana ƙanƙancewa.

Ku lura da irin abin da aka ƙirƙiri gwajin domin ganowa: rauni a ƙwaƙwalwa, shanyewar ɓarin jiki, cuta mai cin jijiyoyi. Waɗannan manyan sauye-sauye ne. Gajiyar lafiyayyen saurayi bayan horon jiya kuwa ƙaramin sauyi ne, sikelin da aka yi domin buhun gero kuma ba lalle ne ya iya auna zinariya ba.

Waɗanda suka shigar da gwajin cikin harkar wasanni sosai su ne masanan Tarayyar Sobiyat. A 1972 Yevgeny Ilyin na birnin Leningirad ya tsara wata hanya da ba ta bukatar kome sai takarda da fensir da agogo. Za a raba takarda gida 6. Mutum zai yi ta ɗiga fensir a gida na farko iyakar saurinsa, bayan sakan 5 a ba shi umarni ya koma gida na biyu, haka har sakan 30 su cika, sa'an nan a ƙirga ɗigon kowane gida. Ilyin bai damu da jimla ba kamar yadda ya damu da siffar tafiyar. Wanda saurinsa ya hau a sakan 10 zuwa 15 na farko kafin ya sauka, ya ce masa mai ƙaƙƙarfan tsarin jijiya. Wanda ya tsaya bai hau bai sauka ba, matsakaici. Wanda ya fara gangarowa tun gida na biyu, mai rauni. Wannan rabe-rabe daga koyarwar Ivan Pavlov ya samo asali, kuma an yi amfani da shi wajen ƙoƙarin gane wasan da ya dace da kowane yaro. Ni ban yarda a yanke wa yaro makomarsa da ɗigon fensir na rabin minti ba. Amma tunanin duba siffar raguwa maimakon jimla kaɗai tunani ne mai kyau, kuma za mu ga bincike na baya ya ƙarfafa shi.

Ita kuwa kalmar gajiyar cibiya, wanda ya fi kowa sa ta a bakin masu horarwa na Turai da Amurka shi ne Charlie Francis na Kanada. Ya koyar da cewa gudu mai cikakken sauri yana gajiyar da tsarin jijiya, saboda haka a bar aƙalla awa 48 tsakanin ranakun horo mai zafi. Shi ne ya horar da Ben Johnson, wanda aka ƙwace wa lambar zinariya ta tseren mita 100 a gasar Olamfik ta 1988 a Koriya ta Kudu saboda shan haramtaccen magani. Wannan abin kunya bai hana tsarin nasa na sassaɓa ranar zafi da ranar sauƙi yaɗuwa ba, domin masu horarwa sun ga yana aiki. Sai dai tsari yana iya yin aiki alhali dalilin da aka ba shi ba daidai ba ne.

Abin da yatsa yake faɗa, da abin da ba ya faɗa

A 2009 wasu masana a birnin Perth na Ostireliya suka sa mutane su motsa manuni iyakar saurinsu na tsawon sakan 20. Sauri ya fara raguwa tun kafin a cika sakan 10, amma da aka auna ƙarfin yatsan nan take, sai aka ga bai ragu ba. A 2019 kuma masu bincike a birnin Zurik na Suwizalan suka bi sawun wannan da gwajin sakan 30, suka ga sauri yana faɗuwa da kimanin kashi 20 cikin 100, suka kuma gano abin da ke faruwa a ciki. A ƙa'ida, idan ƙwaƙwalwa ta kunna tsoka ɗaya, takan danne maƙwabtanta domin kada su sa baki. Yayin da bugun ya ci gaba, wannan dannewa tana sakwarkwacewa, sai mai lanƙwasawa da mai miƙewa su fara kamawa a lokaci guda, kowace tana ja da 'yar'uwarta. Saboda haka raguwar saurin yatsa a cikin gwaji guda lalle daga sama take fitowa. Har nan masu gwajin suna da gaskiya.

Matsalar tana a mataki na gaba. Ɗan tsere da ƙafa yake gudu. Tambayar ita ce: idan ya wahalar da cinyoyinsa jiya da yamma, shin yankin ƙwaƙwalwar da ke kula da yatsa zai nuna alamar haka yau da safe? Domin a amsa da e, sai abu biyu sun tabbata. Sai gajiyar ta tsallaka daga gaɓar da ta yi aiki zuwa wadda ba ta yi ba, sa'an nan sai ta kwana.

A kan tsallakawa, David Behm na Kanada da abokan aikinsa sun tattara gwaje-gwaje masu yawa a 2021 inda aka gajiyar da wata gaɓa aka auna wata, suka samu cewa in an haɗa su gaba ɗaya tasirin a kan ƙarfi ɗan kaɗan ne ƙwarai. A kan kwana kuwa, abin da awon ɗakin bincike ya nuna ya saɓa wa abin da aka saba ji a filin horo. Bayan gajeren aiki mai tsanani, umarnin ƙwaƙwalwa yakan dawo daidai cikin 'yan mintoci. Abin da ke ɗaukar kwana biyu ko uku shi ne tsokar da ta sami ƙananan raunuka, wadda ke sa mutum ɗingishi wajen sauka daga bene. Dogon aiki ne ya fi barin gajiyar cibiya mai daɗewa, irin su gudun fanfalaki ko cikakken wasan ƙwallon ƙafa na minti 90. Wani bincike da aka yi a Ingila a 2017 ya nuna umarnin zuwa tsokar cinyar 'yan ƙwallo bai gama dawowa ba bayan awa 24, sai bayan awa 48. Amma ku tuna a cinya aka auna wannan, da lantarki da maganaɗisu.

To, ashe sai mu jefar da gwajin? Ban ce haka ba. Ɗan wasa ba cinya kaɗai ba ne. Yana da barcin da ya yi ko bai yi ba, da jarrabawar da ke gabansa, da doguwar tafiyar mota zuwa garin da za a yi gasa, da zazzaɓin da ke shirin kama shi. A 2009 Samuele Marcora na jami'ar Bangor a yankin Wales ya sa mutane aikin kwamfuta mai cin rai na minti 90, sa'an nan ya ɗora su a kan keke. Sun gaji sun tsaya da wuri da kimanin kashi 15 cikin 100, alhali bugun zuciyarsu da numfashinsu ba su bambanta da na ranar da suka huta ba; aikin ne kawai suka ji ya fi nauyi. Wannan ya tabbatar da abin da Mosso ya gani a wurin Maggiora. A ganina, irin wannan hali na mutum gaba ɗaya, watau farkawarsa da natsuwarsa da himmarsa a safiyar nan, shi ne abin da bugun yatsa ya fi kusa da nunawa. Wannan kuwa abu ne da mai horarwa yake bukatar sani.

Abubuwan da ke ruɗa lamba

Wanda zai yi amfani da gwajin tilas ya san maƙiyansa, wasu daga cikinsu kuwa a gidanmu suke. Goro yana ɗauke da sinadarin kafeyin, irin wanda ke cikin gahawa da shayi, kuma an daɗe da sanin cewa wannan sinadari yana ƙara saurin bugun yatsa. Ɗan wasan da ya ci goro ko ya biya teburin mai shayi kafin awo ya rufe gajiyarsa da mayafi. Sanyi kuma yana yin akasin haka. Duk lokacin da zafin hannu ya ragu da digiri 1, gudun saƙo a jijiya yana raguwa da kimanin mita 2 a sakan, ga kuma gaɓoɓin yatsa da ke sandarewa. Wanda aka auna da sanyin asubar hunturu a Jos ko Zariya, aka kwatanta da lambarsa ta watan bazara, za a ce ya gaji alhali hannunsa ne kawai bai ɗumama ba. Haka nan lokacin yini yana da tasiri, a watan azumi kuwa lokutan barci da na cin abinci duk sukan sauya, saboda haka lambar wannan wata sai a kwatanta ta da 'yar'uwarta ta cikin watan.

Akwai kuma sabo. A kwanakin farko lambar kowa tana hawa, domin yatsa yana koyon aikin. Akwai shekaru da jinsi: matasa sun fi dattawa sauri, maza kuma a matsakaici sukan ɗara mata da 'yan bugu. Ɗan dambe da ɗan kokawa da mai ɗaga ƙarfe kuwa, hannun nasu shi ne ya sha wahalar jiya, don haka lambarsu tana gauraye da gajiyar tsokar hannu. Gilashin waya ma ya bambanta daga wata zuwa wata wajen kama bugu.

Babban maƙiyi shi ne niyya. Gwajin yana dogara ne ga mutum ya ba da iyakar ƙoƙarinsa. Yaron da ya gane cewa ƙaramar lamba tana kawo hutu, ba sai an koya masa abin da zai yi ba. Wanda kuma yake tsoron a cire shi daga jerin masu buga wasan Asabar zai cije ya buga da kyau ko da jikinsa na rawa, domin sakan 10 ba su da yawa ga mai zuciya.

Yadda ya kamata a yi shi

Ƙa'ida ta farko ita ce kada a kwatanta ɗan wasa da ɗan'uwansa. Mai bugu 52 bai fi mai bugu 64 gajiya ba. Kowa da nasa, kamar zanen Mosso. A kwatanta mutum da kansa kaɗai. A zaɓi lokaci guda, mafi kyau bayan tashi daga barci da ɗan lokaci, kafin shayi ko goro, a zaune, hannu a kwance bisa tebur kuma da ɗumi, yatsa guda, na'ura guda. A yi sau 3, kowane sakan 10, da hutu a tsakani, a rubuta matsakaici. Lambobin makon farko a ajiye su gefe saboda sabo. Na mako biyu da suka biyo baya, a lokacin da horo bai yi tsanani ba, su ne ma'aunin wannan mutum.

Bari in ba da misali na ƙirƙira domin ɗalibai. A ce lambobin wani ɗan tsere a kwana 5 su ne 58, 61, 59, 62, 60. Matsakaicinsa 60 ne, kuma yana kai da kawowa da bugu 2 sama ko ƙasa ba tare da wani dalili ba. In wata safiya ya sami 58, babu labari. In ya sami 53, a sake gwadawa bayan ya ɗumama hannu. In gobe da jibi ya sake samun 53 da 52, to, lokaci ya yi da mai horarwa zai zaunar da shi ya tambaye shi. Wasu masu horarwa sun ɗauki faɗuwar kashi 10 cikin 100 a matsayin iyaka. Wannan al'ada ce ta masu sana'a, kuma ya fi kyau iyakar kowa ta fito daga yawan kai da kawowar lambarsa, domin wani mutum lambarsa a tsaye take, wani kuwa kullum tana tsalle. Wanda yake da hali ya ƙara da hanyar Ilyin sau ɗaya a mako, ya duba ko gangarowar daga gida na farko zuwa na shida ta fi yadda ta saba tsanani.

Kada kuma yatsa ya ba da shaida shi kaɗai. Ga ɗan tsere da ɗan ƙwallo, tsalle sama daga tsaye ya fi kusa da aikinsu, domin ƙafar da ta wahala ita ake tambaya. Bango da alli sun isa a auna shi. Bugun zuciya da safe kafin a tashi daga shimfiɗa shaida ne na uku. Na huɗu, wanda aka fi rainawa, shi ne bakin ɗan wasan. A 2016 Anna Saw da abokan aikinta a Ostireliya suka tattara binciken da aka yi a kan hanyoyin sa ido ga 'yan wasa, suka samu cewa amsoshin da 'yan wasa ke bayarwa da kansu game da barci da ciwon jiki da yanayin zuciya sun fi yawancin awon na'ura da na jini saurin nuna nauyin horo. Tun kafin nan, a 2013, manyan ƙungiyoyin likitancin wasanni biyu, ta Turai da ta Amurka, sun fitar da matsaya guda a kan cutar wuce gona da iri wajen horo, inda suka bayyana cewa babu wani awo guda da ya isa ya tabbatar da ita, kuma sai an fara kawar da sauran dalilai kamar cuta da ƙarancin abinci. A ƙasarmu wannan yana nufin ɗan wasan da lambobinsa suka zube kwanaki a jere a fara duba shi ko zazzaɓin cizon sauro ne ko ƙarancin jini, kafin a ɗora laifi a kan horo.

Ga jami'an da ke riƙe da kuɗin wasanni, shawarata ita ce duk wanda ya kawo muku na'ura ko manhaja yana cewa tana auna gajiyar cibiya, ku tambaye shi da wane awo aka gwada ta, a kan 'yan wasa nawa, kuma masu wane irin wasa. Abin da gwajin yake bukata na gaskiya shi ne littafin rajista mai layi, da agogo, da fensir ko waya guda wadda ba a sauyawa, da ma'aikaci ɗaya da zai zo ƙarfe 7 na safe kowace rana ya rubuta lambar kowane yaro, da awannin barcinsa, da abin da ya ce game da jikinsa. Ɗaliban sashen ilimin motsa jiki da ke neman batun kundin kammala karatu kuwa, ga shi a gabanku: ƙungiyar ƙwallon jami'a, zango guda, bugun yatsa da tsalle da rahoton barci kowace safiya, sa'an nan a duba wanne ne ya fi bin nauyin horon makon.

Ranka ya daɗe shugaba, a nan zan dakata domin a sami lokacin tambayoyi.